Abin da Baffa Ya Gani a Wurin Wanka

Ni ce mai karatun gidanmu. Ba wai na fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne, bakina ne dai ba ya gajiya. Tun ina sakandare nake zuwa wani ɗan shago a bayan kasuwar Hadejia in karɓo hayar littattafan Hausa, in zo in baje a tsakar gida ina karantawa da ƙarfi, in yi muryar maza in yi ta mata, har Inna ta ce da ana sayen surutu da tuni na gina mata bene. Yayata kuwa, wadda nake bi, allo kawai ta yi, kuma littattafan nan ba su taɓa burge ta ba. Takan ce ita ba ta ga abin saurare a labarin mutanen da ba su da aikin yi sai hawa mota da kallon juna ba.

An kai ta aure can gefen Baturiya, wani ƙauye da ruwa ke kewaye shi rabin shekara. Mijinta masunci ne, irin masu hawa gora. Wanda bai taɓa gani ba sai ya ɗauka wasa ne: ƙaton gora kamar tukunyar biki, mutum ya kifa cikinsa a kai yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama yana jefawa ta bakin goran. Shi tun bai gama iya magana ba yake cikin ruwa. Mutum ne mai shiru da yawan murmushi, ni kuma da yake ƙanwar mata ce, nakan tsokane shi in ce Yaya tarwaɗa ta aura. Ba ya tanka mini, sai dai in na tashi tafiya ya cika mini kwali da kifin banda.

Yana da abokin sana'a, maƙwabcinsu na jikin katanga. Tare suke kafa dumba, wato jerin tarkon kifi da ake tare hanyar ruwa da shi, a raba abin da ya shiga. A shekarar da nake magana kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ciyawar nan da ke ɓoye mutum yana tsaye. Kifi ya yi ƙaranci, zukata suka yi zafi. Duk ƙauyen an san su biyun sun yi sa-in-sa a bakin ruwa a kan inda za a kafa dumba. Wasu ma sun ce har da ɗaga murya, abin da ba a san mijin Yaya da shi ba.

Ba a daɗe da wannan ba ya fita wata rana bayan sallar asuba. Da hantsi aka hango goransa yana yawo shi kaɗai. Abokin nan nasa ne ya kutsa cikin kacala ya lalubo shi, shi ne kuma ya saɓo shi a kafaɗa har gida yana kuka. Lokacin zafi ne, gawa kuma ta sha ruwa, don haka ba a tsaya jiran kowa ba. Baffansa, ƙanin mahaifinsa, wanda shi ke wanke mamatan ƙauyen maza, ya shiga da shi bayan ɗaki ya yi masa wanka. Aka sallace shi, aka kai shi kafin azahar. Da na sauka daga motar Hadejia na hau babur na iso, har masu kai shi sun dawo suna wanke ƙafa a ƙofar gida. Kowa abu ɗaya yake faɗa: ruwa ya ci shi, kwana ya ƙare.

A lokacin nan aurena na fari ya riga ya mutu, ina zaune a gida ina cika wa Inna kunne, sai ta tattara ni ta ce in je in taya Yaya zaman takaba. Kwanakin farko gidan cike yake da masu gaisuwa. Da aka yi sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke, ya rage daga ni sai Yaya sai 'yarta guda tilo, wadda ke gab da gama firamare. Yaya ba ta kuka, ba ta kuma magana. Za ta zauna a gindin bango da carbi a hannu, idonta a kan ƙofar gida, tun safe har rana ta juya. Na ga shirun nan zai kwantar da mu duka, sai na kwance jakar littattafan da na ɓoye a ƙasan kayana don kada Inna ta gani ta ce ban san gidan makoki ba.

Da farko ni kaɗai nake karatuna a hankali. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun ji labari, suka fara zuwa bayan la'asar, kowacce da abin yinta a hannu, mai saƙar kaba da mai tsince shinkafa. Ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba. Akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Goggo, ita ba a gama shafin farko ba ta riga ta yanke hukunci.

"Wannan mai turaren shi ne mai laifin," in ji ta. "Namijin da ke wanka sau uku a yini, akwai abin da yake wankewa."

Akwai wata amarya kuma da ba ruwanta da wanda ya mutu balle wanda ya kashe.

"Don Allah ki tsallake maganar gawar nan," takan ce, "ki kai mu inda zai ce yana sonta."

Wata kuwa da marubuciyar ta kashe mata wata uwa mai kirki a tsakiyar littafi, sai ta tashi ta kaɗe zane ta ce ita da sake sauraron wannan rashin imani har abada. Washegari sai ga ta, wai aron rariya ta zo, ta zauna da rariyar a cinya har aka tashi. Yaya tana can gindin bangonta, ba ta hana mu, ba ta kuma sa mana baki.

Wata rana na ɗauko wani da ban taɓa karantawa ba. Labarin wani attajiri ne da aka tsinci gawarsa a gidan gonarsa, da wani matashin ɗan sanda da ya zo bincike ya ɓuge da son 'yar mamacin. Sai da na yi nisa na ga ashe a cikin tafki aka tsince shi. Na yi niyyar in haɗa shafuka in wuce, sai na ji Yaya daga bayana.

"Karanta yadda yake."

Na karanta. An kai gawar asibiti, likita ya duba, ya fito ya ce wa ɗan sandan babu ruwa a ƙirjin mutumin nan, ya riga ya mutu kafin a jefa shi, ga kuma rauni a ƙeyarsa da gashi ya rufe. Matan suka hau salati, Goggo tana cewa ai ta faɗa. Yaya ta ajiye carbinta.

"Koma baya. Sake karanta inda likitan ya yi magana."

Na sake.

"Wato ana iya ganewa? Wanda ruwa ya ci daban, wanda aka jefa daban?"

"Yaya, labari ne fa."

"Na san labari ne. Tambayarki nake yi, ana iya ganewa?"

Na ce haka nake ji ana faɗa. Goggo ta naɗe kabarta ta ce in rufe littafin nan magariba ta yi, alhali rana tana nan a saman giginya.

Daga ranar Yaya ta matso da tabarmarta. Ta zama ta fi kowa saurare, amma ba irin sauraron sauran ba. Su suna cacar baki kan wane ne ya yi kisan, ita tana bin abin da mai binciken ke yi. In ya duba tufafin mamaci sai ta gyaɗa kai. In ya koma wurin da abin ya faru ya tsuguna yana duban ƙasa, sai ta ce in dakata, ta dubi hannunta, sannan ta ce in ci gaba. Wurin soyayya kuwa takan tashi ta je ta duba tukunya. Tunda takaba ta hana ta fita, ni ta riƙa aika da tambayoyinta, in bi gidaje kamar mai tallan daddawa.

Rigar da ke jikinsa a ranar? Matan maƙwabta sun wanke ta tun kafin a dawo daga maƙabarta, don kada Yaya ta gani hankalinta ya ƙara tashi, aka ba wani matafiyi sadaka. Goran? Ƙaninsa ya ɗauka yana su da shi, har ya tsage an ɗinke. Wurin da aka same shi? Na sa aka nuna mini daga nesa, kacala ce kawai kore shar, ko'ina iri ɗaya. Waɗanda suka taru a bakin ruwa kuwa, wani ya ce kamar ya ga jini a bayan kansa, wani ya ce laka ce, wani ya dube ni kamar na zage shi ya ce, "Wa ke tsayawa duban gawa? Rufe ta ake yi." Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban samu ko mutum ɗaya da zan ce ya ɓoye wani abu da mugunta ba. Kowa kirki ya yi. Kirkin nan ne ya wanke, ya share, ya rufe, ya binne, duk kafin azahar.

Ya rage mutum ɗaya da ya ga jikin nan tun daga kai har ƙafa, ya juya shi dama da hagu, ya bi gashin kansa da hannu. Yaya ta san haka tun kafin ni in gane. Ranar da ta fita takaba ta yi wanka ta ɗaura sabon zane, ba ta fara da gidan kowa ba sai zauren Baffa. Na bi ta. Muka tarar da shi yana tufka igiya, ɗan tsoho siriri mai farin gemu, ƙafarsa ɗaya a miƙe da igiyar a babban yatsa.

"Lale, lale da 'yata. An fita lafiya? Allah ya jiƙansa, ya ba ki ladan haƙuri."

Ta durƙusa ta amsa. Aka gama gaisuwa, ta ƙi tashi.

"Baffa, kai ka wanke shi."

"Ni ne."

"Me ka gani a jikinsa?"

Ya saki igiyar. Da ya yi magana, ba da faɗa ya yi ba.

"'Yata, tun ina da baƙin gemu nake wanke mazan garin nan. Ni na wanke uban mijinki. Matata da muke kwana ɗaki ɗaya ba ta taɓa ji daga bakina cewa wane yana da tabo a gwiwa ba. Wanda ya koya mini aikin nan ya ce abin da ido ya gani a wurin wanka amana ce, tare ake binne mai wanka da ita. Shi ya sa mutane ke mutuwa hankalinsu kwance."

Ni bakina ba ya jure irin wannan. Na ce, "Baffa, ai aibin mamaci aka ce a rufe, ba aibin wanda ya cuce shi ba."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce mai littattafan?"

"Ni ce."

"A cikin littafin naku, in an kama mutumin, sai me?"

"Sai labari ya ƙare."

"To nan ba ya ƙarewa. Nan kowa da 'ya'yansa, kowa da 'yan'uwansa, rijiya ɗaya muke sha, sahu ɗaya muke tsayawa." Ya mayar da fuskarsa ga Yaya. "In na ce miki ban ga komai ba, za ki yarda?"

Yaya ta kawar da kai gefe.

"To kin gani," in ji shi, ya ɗauki igiyarsa.

A hanya na yi ta bambami. Na ce tsohon nan ya iya magana, ya ba mu amsar da ba amsa ba, in da bai ga komai ba me zai hana ya rantse ya huta? Yaya ta ce ko ya gani ko bai gani ba haka zai faɗa, don in ya ce babu a kan wannan, to ranar da ya yi shiru a kan wani an gane ke nan. Na ji haushin yadda ta fahimce shi. Na fi son ta ji haushinsa kamar yadda na ji.

Ba ta dawo Hadejia ba, duk da Inna ta so. Ta zauna a ɗakinta tana sayen kifi a hannun masunta tana banda. Maƙwabcin nan kuwa, abokin mijinta, bai taɓa fasa kyautata mata ba. In ya dawo daga su sai ya aiko da manyan karfasa a kwano. Shekarar da ambaliya ta fasa jinga ruwa ya shigo gari, shi ya wuni yana jera buhunan ƙasa a bayan ɗakinta kafin ya waiwayi nasa, shi ya kuma tayar mata da katangar da ta faɗi. Takan yi godiya ta bayan katanga, muryarta lafiya lau. Kifin kuma takan juye wa Goggo, ba ta taɓa kai shi bakinta ba. Na tambaye ta wata rana, tsakani da Allah, me take gani game da shi. Ta ce a littattafan da na karanta mata, wani lokacin mai yawan kirkin nan shi ne, wani lokacin kuma a zarge shi a banza har ya mutu da baƙin ciki. Ta ce duka biyun ta gani, kuma duka biyun sun yi kama da shi.

Ni na sake aure a cikin gari. Shagon hayar littattafai ya koma na sayar da caja, labaran suka koma cikin waya, marubuta suna sakin su babi-babi, mu kuma masu karatu muna zaure guda a cikin wayar muna faɗa da juna a kai. Duk wata Yaya takan kawo banda kasuwar kifi, in ta sayar sai ta biyo ta gidana da azahar, ta cire mayafi ta miƙe ƙafa ta ce, "Me aka samu?" Ba ta son na soyayya zalla. Sai mai gawa a ciki. Kuma ta zama mai wuyar gamsarwa, har nakan ce da marubutan nan sun san da ita da sun daina barci. In aka gano mai laifi ta hanyar mafarki sai ta yi tsaki. In mai laifin ya tashi a gaban jama'a ya fashe da kuka ya ce shi ne, sai ta ce, "Wa ya taɓa ganin haka? Mutum yana cin tuwonsa lafiya ya tashi ya tona kansa?" Nakan rubuta maganganunta a zauren kamar nawa, matan su yi ta cewa na cika tsanani, labari ai don nishaɗi ake yinsa. Su abin da ke damunsu a jinkirta ƙarshe, ko a hana yarinya wanda take so. In an kama mugun sai zaure ya cika da hamdala da hotunan furanni, kowa ya kama gabansa. Yaya kuwa in an kama shi sai ta yi ajiyar zuciya mai nauyi, sannan ta nemi ruwan alwala.

Ana haka 'yarta ta girma. Yarinya mai shiru da murmushi, ubanta sak. Kuma duk samarin ƙauyen da na Hadejia ba ta ga wanda ya yi mata ba sai babban ɗan maƙwabcin nan. Tare suka tashi, katanga ɗaya ta raba su. Yaro ne mai hankali, yana kai kifi gari a babur, ba a taɓa jin abin assha a kansa ba. Yarinyar ba ta san komai ba, don Yaya ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta ce ba za ta ɗora wa marainiya kayan da ita kanta ba ta san ko na gaske ne ba.

Ranar da Yaya ta zo ta faɗa mini, ba ta ce a yi karatu ba. Ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki.

"In na hana, me zan ce mata? In ce ina zato? In raba ta da wanda take so, in ɓata sunan mutumin da ya tayar mini da katanga, a kan zato? In kuma na bari, ta yiwu na ɗauki 'yarsa na kai gidan wanda ya..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce a littafi da yanzu ne wani zai fito da wata shaida. Ta dube ni, na ji kunyar maganar.

Neman auren kuma a wurin Baffa aka yi shi, don shi ne babba a dangin uban yarinyar. Ya karɓi goro, ya sa albarka. Da na ji haka na yi murna, na kira Yaya na ce shi ke nan, ai ga amsa, da ya ga wani abu a jikin ɗan ɗan'uwansa ba zai ba da jikarsa gidan ba. Ta ce ta yi wannan tunanin. Ta ce ta kuma yi ɗayan, cewa tsoho irin Baffa in ya ga ɓaraka, da aure yake ɗinke ta. Ni da na karanta littattafan da ba su ƙirguwa, ban taɓa cin karo da shaidar da ke tsayawa a tsakiya haka ba.

Ta ce in zo in raka ta, za ta koma wurinsa sau ɗaya. Na je. Baffa ya tsufa ƙwarai, ya daina tufka, yana kwance a kan tabarma a zaure, ana jin numfashinsa tun daga ƙofa. Na yi alkawarin ba zan buɗe baki ba, kuma na cika, abin da har yau nake mamaki.

"Baffa," in ji Yaya, "ban zo in ce ka faɗa mini abin da ka gani ba. Na haƙura da wannan. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ce mini in ba da ita da zuciya ɗaya, ko ka ce mini in dakata. Ba zan tambaye ka dalili ba."

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya buɗe.

"Yaron bai yi wa kowa komai ba, 'yata."

Ta jira. Bai ƙara ba. Ta ce, "Uban fa?"

"Yaron aka zo nema wa aure," in ji shi. "Allah ya yi muku albarka."

Muka fito. A ƙofar zauren Yaya ta dafa bango, ni kuma na tsaya ina kallon awaki, don na san in na dube ta zan yi kuka a titi. Na tsani maganar nan tasa, har yau na tsane ta. Na juya ta ta kowace fuska. Tana iya zama maganar mutumin da ya gaji da tambayar da ba ta da tushe, tana iya zama maganar mutumin da ya ga rauni a ƙeya ya ɗauke kai. Da damina ta faɗi Baffa ya rasu, aka ɗauko wani daga ƙauyen gaba ya wanke shi, aka binne shi da amanarsa kamar yadda ya ce.

An yi biki bayan girbin shinkafa. Yaya ba ta rage komai ba, ta yi jere, ta yi gara, ta yi rawa da aka ja ta fili. Uban ango ya zo har ƙofar ɗaki ya durƙusa ya ce, "Allah ya jiƙan abokina, yau da yana nan da ya fi kowa murna." Hawaye na zuba a gemunsa. Ta amsa da amin. Ina tsaye kusa da ita, na zuba wa fuskarsa ido kamar yadda masu bincike ke yi a littafi, ban ga komai ba sai fuskar dattijo mai kuka.

Yanzu akwai jika, mace, ta fara tafiya. Da yamma kakanta na wajen uba yakan ɗora ta a kafaɗa ya kai ta bakin ruwa ta ga masu gora. Yaya tana ganinsu ta saman katanga in tana juya kifi a kan wuta. Ta ce mini kafaɗar dama yake ɗora ta, wadda ya saɓo gawar ɗaya kakan, mijinta, da ita. Ba da wata murya ta faɗa ba, kamar dai tana ba ni labarin farashin itace.

Zuwanta na watan jiya, muna tsakiyar wani labari mai kyau da muka daɗe muna bi. An kashe wani ɗan kasuwa, ana zargin mutum huɗu, matarsa kuma zuciyarta ta fara karkata ga lauyan da ke kare ta. Marubuciyar ta saki babi biyu na ƙarshe a ranar, zaure ya kacame. Na karanta mata na farkon tana kishingiɗe, idonta a rufe. Da na kai inda lauyan ya tara kowa a falo ya ce ya san wanda ya yi, sai ta ɗaga hannu.

"Bar shi nan."

"Yaya, saura babi ɗaya fa. Yanzu za a faɗi ko wane ne."

"Na sani." Ta tashi zaune tana neman ɗankwalinta. "Har nan gaskiya suke faɗa. An mutu, an yi kuka, kowa yana kallon kowa, ana gaisawa. Daga nan ne suke fara ƙarya. Daga yau in kin kai irin wurin nan ki riƙa tsayawa."

Na so in tsokane ta, in ce ta tsufa ta fara rigima irin ta Goggo, sai na fasa. Ta ɗaure kwalayenta da igiya, ta ce za ta tafi kada motar ƙauye ta cika, gobe akwai suna a gidan surukai kuma ita aka bar wa dafa shinkafa. Na raka ta bakin titi na dawo.

Na ƙarasa babin ni kaɗai a tsakar gida. An kama shi, direban gidan ne, ya kuma amsa da bakinsa. Ban kira ta na faɗa mata ba.